Damuwar Ɗalibin Jami'a: Karatu, Abin Sha'awa da Tunanin Gobe

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirin faɗakarwa na yau zai yi nazari ne a kan ɗalibin jami'a da irin tunane-tunanen da yake kwana da su yake tashi da su, tun daga ranar da ya karɓi takardar samun gurbin karatu har zuwa ranar bikin yaye ɗalibai, wato tunanin karatu da jarrabawa, da tunanin abin da ransa yake so ya yi idan ya samu sarari, da kuma tunanin abin da zai zama bayan ya kammala. Za a ɗauki misali da ɗaliban manyan jami'o'in arewacin Nijeriya, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Abin da ake nufi da damuwa a nan shi ne yawan kai-komon da zuciya take yi a kan abin da bai faru ba tukuna, amma ake fargabar faruwarsa. Kaɗan daga cikinta yana da amfani, domin ita ce take tayar da ɗalibi da asuba ya buɗe littafi, amma idan ta yi yawa sai ta hana barci, ta hana fahimta, ta cinye lokacin da ya kamata a yi aikin da zai kawar da ita. Abubuwan da suke haddasa ta iri biyu ne, akwai waɗanda suke hannun ɗalibi, kamar halartar lacca da bitar darasi da zaɓen abokai, akwai kuma waɗanda suka fi ƙarfinsa, kamar yajin aiki da tsadar rayuwa da ƙarancin guraben aiki. Yawancin wahalar ɗalibi tana faruwa ne idan ya cakuɗa su, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tunanin abin da ba shi da iko a kansa, ya bar wanda yake hannunsa yana lalacewa.

Damuwar karatu takan fara ne tun kafin a shiga aji. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, tana karɓar masu neman gurbi fiye da yadda jami'o'i za su iya ɗauka, musamman a fannonin likitanci da shari'a da injiniyanci, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya nemi likitanci an ba shi ilimin halittu, ko wanda ya nemi shari'a an tura shi sashen tarihi. Irin wannan ɗalibi yakan shafe shekararsa ta farko jikinsa yana cikin aji zuciyarsa tana wani sashen, yana jiran canjin kwas da mai yiwuwa ba zai samu ba, alhali kuwa makin da zai yi masa rakiya har ƙarshe ya riga ya fara taruwa.

A nan ya kamata a fayyace yadda ake lissafin maki, domin rashin saninsa ya jefa ɗalibai da yawa cikin da-na-sani. Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ake aunawa da yawan sa'o'in da ake koyar da shi a mako, kuma a tsarin maki biyar da yawancin jami'o'in ƙasar suke bi, wanda ya ci 70 zuwa 100 yana da A mai daraja 5, wanda ya ci 60 zuwa 69 yana da B mai daraja 4, wanda ya ci 50 zuwa 59 yana da C mai daraja 3, a haka har zuwa F, wato faɗuwa, wadda ba ta da daraja ko ɗaya. Ana ninka darajar da nauyin darasin, a tara duka, sannan a raba da jimillar nauyin darussan da aka ɗauka, abin da ya fito shi ne matsakaicin maki, wanda ɗalibai suke kira jifi. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49, daraja ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku kuma ƙasa da haka.

Misali zai ƙara haskaka lamarin. Ɗalibar da ta ɗauki darussa shida a zangon karatu ɗaya, kowanne mai nauyi uku, ta samu B a biyar daga ciki, ta tara maki 60 ke nan. Idan ta samu C a na shidan, jimillarta 69 ce, wadda in aka raba da 18 za ta ba da 3.83, wato tana cikin daraja ta biyu babba. Idan kuwa ta faɗi darasin, 60 ɗin nan za a raba da 18, sai ta dawo 3.33, ta faɗo ƙaramar daraja, ga shi kuma sai ta maimaita darasin a shekara mai zuwa tare da 'yan ƙasa da ita, abin da ɗalibai suke kira kariyoba. Haka kuma wanda ya gama shekara biyu na farko da matsakaicin 2.50 a kwas mai shekara huɗu, in nauyin shekarun daidai yake, sai ya riƙa samun 4.50 a sauran shekara biyun kafin ya taɓo 3.50. Wannan lissafi yana nuna cewa shekarar farko, wadda ɗalibai suke ɗauka ta sabo da gari ce da yin abokai, ita ce mafi arha wajen tara maki, kuma da sanyin safiya ake kama fara.

Hanyar karatun ma tana da nata tasirin. Al'adar da ta yi kaka-gida a jami'o'i ita ce a jingine littafi har sai an kafe jadawalin jarrabawa, sannan a cika azuzuwa da ɗakunan karatu da daddare, kowa da fitilar wayarsa da ledar ruwansa da kofin shayi, a kwana ana haddar takardun malami har a kira sallar Asuba. Wani masanin halayyar ɗan'adam Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a kan mantuwa a 1885, inda ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki da yawa ta fi zama a ƙwaƙwalwa a kan wadda aka yi a zama ɗaya. Almajirin allo ya daɗe da sanin wannan a aikace, domin ba ya wanke allonsa sai ya biya ya sake biyawa, sannan ya riƙa komawa baya yana tilawa don kada abin da ya wuce ya kuɓuce masa. Ɗalibin da ya ware rabin sa'a bayan sallar Isha ya duba laccar ranar, ya rufe littafi ya gwada faɗar abin da ya karanta da ka, sannan ya sake waiwayarsa a ƙarshen mako, ya fi wanda ya kwana uku bai runtsa ba, domin a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya, kuma baligi yana bukatar aƙalla sa'o'i bakwai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi hatsari shi ne neman taimakon ƙwayoyi irin su taramol domin a kore barci ko a danne fargaba, domin abin da ya fara a matsayin taimakon dare ɗaya yakan zama jaraba mai wuyar bari, kuma irin wannan ɓarnar ce ta sa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Sai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin ɗalibi. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kimanin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, wanda hakan ya mayar da karatun shekara huɗu ya koma biyar ko fiye ga dubban ɗalibai. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na abinci, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan tsakani, har ta kai ɗalibi yana zaune a aji yana lissafin ko kuɗin aljihunsa zai isa ya ci abinci ya kuma buga takardun darasi. Asusun bayar da lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatun ɗalibai a 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata, ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Duk da haka bashi ne, kuma wajibi ne mai karɓa ya san sharuɗɗansa, ya yi shawara da iyayensa kafin ya sa hannu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro har yanzu suna tare da shirin faɗakarwa, wanda yau yake magana a kan damuwar ɗalibin jami'a, kuma an iso ga batun abin sha'awa. Abin sha'awa shi ne duk wani aiki da mutum yake yi don jin daɗin ransa ba tare da an tilasta masa ba, kamar ƙwallon ƙafa da rubuta labari ko waƙa da zane da ɗinki da girki da ƙunshi da ɗaukar hoto da kiwon tantabara da gyaran waya. Ɗalibai da yawa suna yin irin waɗannan abubuwa a ɓoye, cikin jin kunya da zargin kai, domin an tashe su a kan cewa duk abin da ba littafi ba ne shiririta ne, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Karin maganar gaskiya ce ga wanda ya cusa su a baki lokaci guda, amma wanda ya ba kowace lokacinta zai tauna su duka, ya kuma amfana da su.

Tarihin adabin Hausa ya ba da hujja a kan haka. Abubakar Imam matashin malami ne a Midil ta Katsina lokacin da aka sanar da gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja, kuma wannan rubutu da ya yi a gefen aikin koyarwa shi ne ya buɗe masa hanyar zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. A wannan zamani ma, jarumin finafinai Ali Nuhu ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, amma wasan kwaikwayo ne ya zama sana'arsa, har aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024. Abin lura shi ne dukansu biyu sun kammala karatunsu, kuma ilimin ne ya ba baiwar tasu ƙafar tsayawa. Ƙofofin gwada baiwa ma sun ƙaru, domin gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da marubuta mata da dama, jami'o'i kuma suna da gasar wasanni ta NUGA, da ƙungiyoyin marubuta da na muhawara, wasunsu har da gidajen rediyo na kansu da ɗalibai suke koyon aiki a ciki.

Sai dai ba duk abin da yake cin lokaci ba ne ya cancanci wannan suna. Ma'aunin da za a iya amfani da shi mai sauƙi ne, wato a duba abin da ya rage a hannun mutum bayan ya tashi. Wadda ta shafe sa'a biyu a kan keken ɗinki ta tashi da riga da ƙarin ƙwarewa, wanda ya buga ƙwallo tsakanin La'asar da Magariba ya tashi da lafiyar jiki da barci mai daɗi, amma wanda ya shafe sa'a biyu yana jan allon waya a TikTok ko Facebook yakan tashi da gajiyar ido da ƙunci, saboda ya kalli motoci da bukukuwan tsararrakinsa ya auna su da halin da yake ciki, alhali ba kowa ne yake nuna wa duniya bashin da ke kansa ba. Cacar ƙwallo ta waya kuwa ta fi wannan muni, domin an gina ta ne yadda kamfani zai ci riba a kan jimillar masu zubawa, kuma ɗalibin da ya fara da kuɗin shayi yakan wayi gari ya taɓa kuɗin rajista. Abin sha'awa na gari yana bukatar iyaka da lokaci sananne, a rage shi idan jarrabawa ta gabato, a faɗaɗa shi a lokacin hutu, kuma watannin yajin aiki da wasu suka ƙarar a majalisar shayi, a cikinsu ne wasu suka koyi ɗinki ko haɗa wutar sola ko rubuta manhajar kwamfuta.

Wannan ne ya kawo batun tunanin gobe, wanda ya fi tsananta a shekarar ƙarshe, lokacin da ɗalibi yake kai-komo a ƙofar ofishin malamin da ke duba kundin bincikensa, 'yan gida kuma sun fara tambayar yaushe za a gama. A gidaje da yawa shi ne na farko da ya taka jami'a, an sayar da amfanin gona ko dabba an biya masa, ƙannensa sun zuba masa ido. Ɗaliba kuma tana da nata ƙarin nauyin, domin sau da yawa maganar aure ko goyon ciki ko renon yaro tana haɗuwa da jarrabawar ƙarshe, kuma ba kowane miji ko dangin miji ne suke fahimtar abin da karatu yake bukata ba.

Bayan kammalawa akwai hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, wato shirin NYSC da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 domin ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, wanda ake yafe wa duk wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri. An ɗaga alawus ɗin masu hidimar daga naira 33,000 zuwa naira 77,000, aka kuma fara biyan sabon kuɗin a 2025, amma shekara ɗaya ce tak, kuma abin da ke bayanta shi ne abin fargabar. Zamanin da aikin gwamnati yake jiran duk mai digiri ya wuce, domin masu fitowa daga jami'o'i kowace shekara sun ninka guraben da ake da su, wasu kamfanoni da bankuna kuma sukan gindaya sharaɗin shekaru da darajar digiri, wanda hakan ya sa jinkirin yajin aiki ya zama asara biyu.

Duk da haka akwai abubuwa da dama da suke hannun ɗalibi tun yana makaranta. Shirin koyon aiki a masana'antu na SIWES, wanda asusun ITF yake kula da shi, yana tura ɗaliban kimiyya da fasaha da noma su yi watanni a wurin aiki na zahiri, kamar yadda ɗaliban fannin ilimi suke zuwa koyon koyarwa a makarantu. Wanda ya ɗauki wannan dama da muhimmanci yakan fito da ƙwarewa da sanayya, har ma da wanda zai tsaya masa ranar neman aiki, wanda kuwa ya nemi a sa masa hannu a littafin halarta yana gida, kansa ya cuta. Darasin koyon sana'a da dogaro da kai da aka wajabta a jami'o'i shi ma haka yake, ana iya haddace shi don a ci jarrabawa, ana kuma iya fita da sana'a daga cikinsa. A nan ne abubuwa ukun, wato karatu da abin sha'awa da tunanin gobe, suke haɗuwa, domin takardar digiri ita ce take sa a kira mutum ganawar ɗaukar aiki, amma a cikin ɗakin ganawar abin da ya iya ake tambaya, kuma sau da yawa abin da ya iya ɗin ya samo asali ne daga abin da yake yi don sha'awa. Ɗalibar ilimin sinadarai mai son haɗa turare da sabulu, da ɗalibin Hausa mai son fassara da gabatar da shiri, da ɗalibin noma mai kiwon kaji a bayan gida, kowannensu ya riga ya fara gina gobensa, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Iyaye da malamai suna da rawar takawa a cikin wannan lamari. Uban da ba ya tambayar ɗansa komai sai sakamako yana koya masa ɓoye faɗuwa ne, har ta kai wasu ɗalibai an sallame su daga makaranta amma suna ci gaba da fita kullum da jaka don tsoron gida. Tambayar yadda yake ci da yadda yake barci da wanda yake abota da shi tana buɗe bakin yaro tun matsala tana ƙarama. Kowane aji a jami'a yana da malami mai kula da rajistar ɗalibansa da ba su shawara, akwai kuma sashen kula da harkokin ɗalibai da asibitin makaranta, kuma zuwa wurinsu tun da wuri ya fi zuwa bayan an kafe sakamako.

Wajibi ne kuma a san inda damuwar yau da kullum take tsayawa, ciwo ya fara. Idan ƙunci ya zarce mako biyu, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci da cin abinci suka rikice, ya janye daga mutane, ko ya fara tunanin cewa mutuwa ta fi masa, to wannan ciwo ne da likitoci suke kira ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar yadda zazzaɓi yake da shi. Addu'a da neman magani ba sa cin karo da juna, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, baya ga sassan da ke asibitocin koyarwa. Abokin ɗaki shi ne yakan fara ganin alamun, saboda haka hakki ne a kansa ya zauna da ɗan'uwansa ya saurare shi, ya raka shi asibiti, ya kuma sanar da wani babba idan abin ya yi tsanani.

Ɗalibin da ya saurari wannan shiri yana iya farawa tun daren yau da abu uku da suke hannunsa, wato ya lissafa matsakaicin makinsa da kansa ya san inda yake tsaye, ya ware wa bitar darasi lokaci sananne a kowace rana, sannan ya zaɓi abu ɗaya daga cikin abubuwan da ransa yake so ya riƙe shi da gaske har ya ƙware. Sauran al'amura kuwa, bayan an yi iya ƙoƙari, sai a bar wa Allah, domin shi ne mai buɗe ƙofar arziki ta inda bawa bai zata ba.

A nan shirin na yau ya zo ƙarshe, sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai rai. Allah ya ba ɗalibai ilimi mai amfani, ya saka wa iyaye da malamai da alheri.

(Kiɗan rufe shiri)